Maganin 'Ya'yan Umma

Auta ya kashe mota a inuwar bangon asibiti, ya zagayo da sauri ya buɗe ƙofar baya. Wata mata mai kaya niƙi-niƙi ta yi ta ɗaga masa hannu tana kiran taksi, ko kallonta bai yi ba. Yau fasinjarsa ɗaya ce, kuma ba ta biyan kuɗin mota.

"Umma, mun iso. Sauko a hankali."

Umma ta zuro ƙafa ɗaya, ta dakata, ta zuro ɗayar, tana tafiyar da kanta kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Ta ɗaure goshi tamau da wani guntun yadi a ƙarƙashin mayafi, idonta kuma cikin baƙin tabarau. Jakarta na maƙale a hammata.

"Kawo jakar in riƙe miki."

"Bar mini kayana. Kai dai riƙe hanya."

Auta ya riƙe hanya. Mutum ne da gemunsa, da matarsa, da 'ya'ya biyu, amma a gidansu har gobe shi Auta ne: in an zauna maganar manya, shi ake aike ya sayo ruwan sanyi. Shi ya sa ko jiya da Yaya Babba ta kira shi a waya, ba shawara ta nema ba, sanarwa ta yi. Yau da la'asar kowa ya hallara a gida. Yayansa da suke ce wa Injiniya zai zo da motar ɗaukar kaya. Keken ɗinkin Umma zai bar shago, a rufe ƙofa, a huta.

Ba mugunta ce ta sa su ba. Fiye da shekara guda ke nan kan Umma bai yini lafiya ba. An yi hoton kai, aka ce ƙalau. An auna ido, aka canja gilashi. An auna jini, aka ce ta fi 'ya'yanta lafiya. Da aka rasa wanda za a kama, sai aka kama keke: shi ne take duƙufa a kansa tun safe, shi ne mai ƙara, shi ne mai allurar da ake ƙura wa ido. To, amma wannan baƙin keke mai taka ƙafa shi ya ci da su huɗu bayan rasuwar mahaifinsu. Auta da ƙararsa ya koyi barci. Kuma ya san uwarsa: ranar da aka fitar da keken nan daga shagon da ke gaban gida, rabin ranta zai hau bayan motar ya bi shi.

Abu ɗaya ta roƙa. "Ku bar ni in ga likitar nan ta ciwon kai da mai kitso ta ba ni labari. In ta ce keke ne, da hannuna zan kwance bel ɗin."

A wurin jira, fitila doguwa na ta zuzu a sama, talabijin na ihu a bango, wani yaro na buga takalmi a ƙafar benci. Auta ya ga Umma ta runtse ido a bayan tabarau, jijiyar gefen goshinta na harbawa. Zuciyarsa ta karye. Ya duba hagu, ya duba dama, ya zaro fakitin farar ƙwaya daga aljihun gaban rigarsa, ya ɓallo biyu, ya miƙa mata da gorar ruwa.

"Sha nawa, Umma. Shi ne mai yi miki aiki."

Ta karɓa ba musu, ta haɗiye, ta dafa bayan hannunsa. "Allah ya yi maka albarka, Auta."

Ya gyara zama yana jin kansa a sama. Yayyensa suna da ofis, suna da shago, suna da aji, amma maganin da ke sauƙaƙa wa Umma a aljihun direba yake.

Da aka kira su, likitar ta ɗago ta ga baƙin tabarau, sai ta miƙe, ta kashe fitilar sama, ta ja labule rabi. Mace ce siririya, ba ta kai Yaya Babba shekaru ba, muryarta ƙasa-ƙasa. Umma ta cire tabarau a hankali, ta dube ta.

"'Yata, ke ce ta farko da ta gaishe da ciwon kafin ta gaishe ni."

Likitar ta yi murmushi. "Mama, ba ni labarinsa. Yaushe kuka haɗu?"

"Tun ina budurwa. Amma a da baƙo ne. Yakan zo kamar sau ɗaya a wata, ya aiko da wani ƙyalli-ƙyalli a ido, sannan ya kama ɓari ɗaya ya yi ta daka. In yi amai, in shige ɗaki mai duhu, kashegari ya yi sallama ya tafi. Yanzu kuwa ya tare da kayansa. Da shi nake tashi, da shi nake kwana, kuma ya bar ɓari ɗaya ya ɗaure kan duka."

"Ranar da ba ki buɗe shago ba fa?"

"Ranar ma ya fi sakewa, tunda ba abin da ke ɗauke mini hankali."

Likitar ta haska cikin idonta, ta sa ta bi yatsa da kallo, ta matse hannu, ta taka layi ɗaya zuwa ƙofa ta dawo. Ta auna jini, ta tambayi zuciya da numfashi da ciki, ta duba hoton da aka yi a baya. Sannan ta ajiye biro.

"Wane magani kike sha?"

"Ɗan abin da yara ke kawowa."

"Farar ƙwaya ce, likita," Auta ya yi caraf ya amsa, har da taɓa aljihu. "Ni nake saya mata. Biyu da safe in na biyo, biyu da yamma in na tashi aiki. Ba ta wuce haka."

Likitar ta gyaɗa masa kai, amma idonta na kan jakar da Umma ta rungume a cinya.

"Mama, ko zan ga abin da ke cikin jakar nan?"

Umma ta saci kallon Auta, irin kallon yaron da aka kama da hannu cikin gwangwanin sukari. Sannan ta zuge zif, ta kife jakar a kan tebur. Tef ɗin awo ya faɗo, da alli, da ɗan almakashi, da ƙullin maɓallai. Bayansu kuma fakiti-fakiti, ja da rawaya da fari, da wani dogon bututu mai murfi.

Bakin Auta ya buɗe, ya manta yadda ake rufe shi.

Umma ta jera su ɗaya bayan ɗaya, tana gabatar da su kamar masu rai. "Wannan ja na babbarsu ne, mai aiki a banki. Kullum da hantsi sai ta kira ni ta wayar nan mai nuna fuska, ba ta kashewa sai ta ga na haɗiye. Wannan rawaya na mai bi mata ne, mai gyaran firji, da muke ce wa Injiniya. Da rana yake leƙo shago, ya ce nasa ya fi ƙarfi. Wannan mai narkewa a ruwa na malamar makaranta ne, in ta taso aiki ita take dama mini da hannunta. Farin kuma," ta nuna Auta da haɓa, "ga mai shi nan."

"Umma!" Muryarsa ta fito siririya. "Ba ce miki na yi kada ki sha na kowa sai nawa ba?"

"Ka ce. Su ma haka suka ce, kowa da ranarsa."

"To me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

Ta juyo ta dube shi sosai. "In ƙi na wa? Yaro ya baro aikinsa, ya biyo rana, ya tsaya a kaina da kofin ruwa yana kallon bakina. In ce masa na riga na sha na ɗan'uwanka? Ni ban haifi wanda zan mayar wa hannu ba."

Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta juya fakitin ja da fari, ta nuna wa Auta ƙananan rubutun baya. Sunan gaba ne daban, amma farasitamol ne a cikin su biyun. Rawayan ma shi ne, an ƙara masa sinadarin nan na gahawa mai wartsake mutum. Mai narkewar kuma asfirin ne, wanda in ya yi yawa yake cin ciki.

"Mama, ciwonki na asali ciwon ɓarin kai ne, wancan baƙon na wata-wata. Shi kuwa wannan na kullum, alama ta nuna maganin ne ke kiwon sa. Kai in ya saba da maganin kashe zafi kowace rana, da maganin ya fara sakinsa sai ya ɗaga murya yana neman wani. A ba shi, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya sake tashi."

"Kamar jaririn da aka saba wa goyo," in ji Umma.

"Kin faɗa fiye da ni."

"To, keke fa?"

"Ban ga laifin keke ba. Haske mai ƙarfi da rashin barci da tsallake abinci suna iya tayar da na asalin, waɗannan a kula da su. Amma ciwon da ke binki har ranar hutu ba a shago yake kwana ba."

Umma ta sauke wata ajiyar zuciya da ta daɗe tana riƙe da ita.

"Kada ki yi murna tukuna," in ji likitar. "Daga yau za a ajiye waɗannan duka. Ba zan ɓoye miki ba, mako ɗaya zuwa biyu za ki ce gara jiya. Kan zai yi fushi, zuciya za ta tashi, barci zai yi wuya. A kwanakin nan ba za ki iya zare allura ba ma."

"Bayan nan fa?"

"Yawancin mutane yana sakinsu ya koma baƙon nan na da. Ba zan rantse miki ba, amma ina sa rai sosai."

Ta rubuta wata ƙaramar ƙwaya da za a sha kullum kafin barci, ko da ciwo ko babu. Ita ba ta kashe zafi, rage zuwan baƙon take yi, kuma sai ta yi makonni kafin a ga aikinta. Ta rubuta na tashin zuciya. Ta tura a ɗebi jini a duba hanta, saboda abin da ta daɗe tana ɗauka. Ta ce in an dawo kan ya huce, za ta zaɓa mata na ranar da ɓarin kan ya taso, wanda ake sha da wuri tun ana ganin ƙyallin, kuma ba ya wuce kwana biyu a mako. Sannan ta juya ga Auta ta ce in ciwo ya faɗo farat ɗaya irin wanda ba a taɓa gani ba, ko hannu ya saki, ko magana ta karkace, kada a jira gobe.

Auta dai kansa na ƙasa. Fakitin da ke aljihunsa ya yi masa nauyi kamar batirin mota.

Likitar ta jawo kwandon shara, amma Umma ta tare da hannu. Ta kwashe fakitocin ta mayar jaka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Kyautar 'ya'yana ce, 'yata. Ba a shara za ta kwana ba. Ni na san inda zan kai."

Likitar ta mayar da kwandon inda yake.

Kafin a ɗebi jini, a bi layin karɓar magani, a fita daga cunkoson tsakiyar gari, rana ta karkata. Wayar Umma ta yi ta kuka a jaka, ba ta ɗauka ba. Lokacin jan ya wuce, lokacin rawayan ma ya wuce. Ta madubi Auta yana ganin yadda ta jingina goshi da gilashi, gumi na tsattsafowa a saman leɓenta. Shi kuwa yana tuƙi yana shirya jawabi. Yau ba wanda zai aike shi sayen ruwan sanyi. Yau zai tsaya a tsakar falo ya gaya wa Yaya Babba da bankinta duka abin da janta ya yi, ya gaya wa Injiniya cewa gyaran firji daban, gyaran kai daban.

Sun tarar da motar ɗaukar kaya a ƙofar shago, an sauke murfin baya, igiya a naɗe. A falo Yaya Babba na zaune da makullan motarta a hannu, Malama na gefenta, Injiniya na tsaye ya naɗe hannun riga.

"Ina kuka shige? Na kira har na gaji," in ji Yaya Babba. "Umma, dubi fuskarki! Kin sha na hantsi kuwa?"

"Yaya, ai wannan na hantsin naki..." Auta ya fara, ƙirji a gaba.

"Auta," in ji Umma, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kawo mini ruwan sanyi."

Ya tafi. Da ya dawo, ya tarar ta zauna a kujerarta, ta cire tabarau, idonta ya kaɗa ya yi ja, amma bayanta a miƙe. Ta jera fakitocin nan a kan tebur. Kowa na kallon nasa, sannan yana kallon na kusa da shi, sannan yana kallon ƙasa. Ta faɗa musu abin da likita ta ce tiryan-tiryan, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, sai abu ɗaya da ta sauya.

"Laifina ne. Kowa ya kawo nasa da zuciya ɗaya, ni ce na haɗa su a ciki ɗaya."

Malama ta fara sharar hawaye. Injiniya ya warware hannun rigarsa, ya sake naɗewa. Yaya Babba, wadda ba a saba kayar da ita a magana ba, ta ce, "To, in an daina kuma bai tafi ba fa? Mu zuba ido kina duƙe a kan keke kina mutuwa tsaye?"

"Ki ba ni kwanakin da likita ta yanka. In sun wuce yana nan yadda yake, na riga na yi alkawari, ni zan kwance bel. Amma ba a yanke wa keken nan hukunci a kan laifin wani. Shi ya biya miki kuɗin makarantar da kika koyi wannan iya maganar."

Har Malama sai da ta yi dariya cikin kuka.

Umma ta ɗauki jan fakitin ta sa a tafin babbar 'yarta, ta naɗe mata yatsu a kai. "Ke ba ki mantuwa. Kiran nan naki ki mayar da shi dare. Akwai ƙaramar ƙwaya ta kullum, ki tsaya sai kin ga na haɗiye, yadda kika saba." Ta miƙa wa Injiniya rawayan. "Kai kuma fitilar shagon nan mai zuzu da kiftawa, ka cire mini ita ka sa mai laushi. Ɗakina ma yana son labule mai kauri." Ta ba Malama bututunta. "Akwai kayan mutane da na gama, suna rataye. Ki kai wa masu su, waɗanda ban gama ba ki ba su haƙuri. In kin taso aiki ki zo da ƙanƙara, ki sa mini a tsumma."

Kowa ya karɓi nasa da aikinsa, ba wanda aka mayar wa hannu. Auta yana tsaye da kofin ruwa, yana kallon yadda matar nan, wadda kanta ke sara kamar zai rabe biyu, take raba wa mutane mutuncinsu, sai ya ji kunyar jawabin da ya shirya.

Farin fakitin ne ya rage. Ta ɗauka, ta miƙe da ƙyar, ta cusa masa a aljihun gaban riga, kusa da ɗan'uwansa.

"Ni fa, Umma? Mene ne nawa?"

"Kai naka ya fi na kowa wuya. Kai za ka hana ni."

Ya kai ta ɗaki, ya rataya bargo a taga kafin labulen Injiniya ya zo. Hasken yamma ya koma wani siririn layi a ƙasan bargon. Ba a jima ba ta yi amai a roba, ya fitar, ya wanke, ya dawo ya zauna a ƙasa gefen gado. Daga falo ana jin muryoyin yayyensa ƙasa-ƙasa, suna musu a kan wanda zai kwana yau. Umma ta juya dama, ta juya hagu, ta danna goshi cikin matashi. Wani nishi ya kuɓuce mata, irin wanda bai taɓa ji daga bakinta ba, ko ranar da allurar keke ta huda mata yatsa.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Kana nan?"

"Ina nan."

Sai hannunta ya fito daga mayafi, ya buɗe a gefen gado.

"Ko rabi ne. Ba wanda zai sani."

Tunda ya yi wayo bai taɓa ce wa matar nan a'a ba. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya ji santsin fakitin, ya ji ƙwayoyin a jere ƙarƙashin yatsansa. Ɓallowa ɗaya ce, cikin ɗan lokaci nishin nan zai tsaya, shi ma ya samu ya numfasa. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa.

Ya zaro hannun, ya ɗora shi a tafin nata.

Yatsunta suka lalubi tafinsa, suka bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, yadda take laluben allura a cikin yadi. Ba komai. Ya jira faɗa, ko roƙo, ko ta janye. Sai ta damƙe hannun da ƙarfi, har ƙashinsa ya amsa.

"Allah ya yi maka albarka, Auta."

A waje Injiniya ya tayar da motar ɗaukar kaya. Suka ji ta tana tafiya tana ƙaraurau a kan ramukan titi, yadda mota take yi in ba a ɗora mata komai ba.